Neman Kuɗin Bincike na Dogon Hutu: Jagora ga Malamin Jami'a a Legas Mai Son Haɗa Bangaskiya da Ilimi

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujadar Hausa, muna tsaye a rumfar majami'a muna jiran ruwa ya ɗauke, sai wata ƙanwata a wurin aiki ta miƙo mini wayarta. Ilimin zamantakewa take koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'in kuɗi na nan Legas. Sanarwa aka turo mata a WhatsApp, wai wata kwaleji a Amurka za ta ba malamai kuɗi su yi bincike a lokacin dogon hutu, binciken da ya haɗa bangaskiyar Kirista da fannin da mutum ya karanta.

"Yaya, kana ganin in nema?"

Na yi ta jan rubutun ƙasa har na kai inda aka jera sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe. Malaman kwalejin kaɗai ke da damar nema. Na mayar mata da wayar na ce, "Wannan tuwon gidansu ne, ba a dafa da mu ba. Amma akwai namu, sai dai da aiki a gaba."

Abin da muka yi ta tattaunawa da ita a makonnin da suka biyo baya shi ne na tattara a nan, don duk malamin da ke koyarwa a Akoka ko Ojo ko Yaba ko Imota, mai jin cewa abin da yake furtawa ranar Lahadi yana da magana a kan abin da yake koyarwa ranar Litinin.

Mataki na farko: gane lokacin, ka ƙirga baya

Lokacin da waɗannan sanarwoyi ke nufi shi ne Yuni zuwa Agusta, lokacin zafin Turai da Amurka, sa'ad da jami'o'insu ke rufe. Masu fassara labarai sukan ce masa bazara, amma mu mun san bazararmu ta wuce tun kafin nan. A Legas Yuni da Yuli tsakiyar damina ce, sai ɗan sararin da akan samu a Agusta. Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. In bincikenka na shiga unguwanni ne, Mile 12 ko Agege ko Alaba Rago, ruwan safiya ɗaya ya isa ya cinye maka hirar da ka yi sati biyu kana shiryawa.

Sannan dogon hutun malamin Najeriya suna ne kawai. Ga makin jarrabawa, ga furojet na 'yan ajin ƙarshe, ga taron amincewa da sakamako, wani lokaci ga 'yan hukumar kula da jami'o'i ta NUC sun ce suna tafe duba sashe. Jami'o'in gwamnati kuma kalandarsu ta karkace tun yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, don haka ba lallai hutunka ya faɗo a Yuli ba. Ɗauki kalandar makarantarka ta bana ka zagaye makonnin da babu aji babu jarrabawa. In shida ka samu, to bincike na mako shida za ka tsara. Kar ka rubuta wata uku alhali ka san ba ka da su.

Daga nan sai ka ƙirga baya. Kuɗin da za ka kashe a Yuli, tun Satumba ko Oktoba na bara ake fara nemansa, domin tsakanin rufe karɓar takardu da fitar da sakamako da isowar kuɗi watanni ne ke wucewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: raba tukwanen, ka san wadda za ka iya sa hannu

Yawancin sanarwoyin da ke yawo a wayoyinmu irin na ƙanwata ne, na 'yan gidan masu bayarwa kaɗai; wannan ce tukunya ta farko. Kwalejojin Kirista na Amurka suna da al'adar ware wa malamansu kuɗi su zauna a hutu su yi rubutu. Gidauniyar Lilly da ke Indiana da Cibiyar Louisville su ma hankalinsu na kan Arewacin Amurka. Ƙungiyar kwalejojin Kirista ta CCCU tana ba da tallafi ga ayarin masu bincike, amma jagoran aikin daga makarantar da ke cikin ƙungiyar yake fitowa, saboda haka ƙofar shigarka ita ce abokin aiki da ke can ya sa ka cikin ayarinsa. Shirin Logos and Cosmos na IFES, uwar ƙungiyar NIFES ɗinmu ta ɗaliban Kirista, an tsara shi ne don Latin Amurka da ƙasashen Afirka masu Faransanci. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Yamai yana ciki, mu muna waje. Don haka karanta sharuɗɗan cancanta kafin ka karanta adadin dalar.

Tukunya ta biyu ita ce ta waɗanda suka nufi Afirka da gangan. Cibiyar Nagel da ke Jami'ar Calvin a Grand Rapids ta gudanar da zagayen tallafi ga masanan Afirka da kuɗin Templeton Religion Trust, har da wanda ya haɗa masu tauhidi da masu ilimin zamantakewa a ayari ɗaya. Zagaye-zagaye yake zuwa, ba kowace shekara ba, sai ka riƙa leƙawa. Gidauniyar John Templeton kanta tana karɓar gajeriyar takardar nuna sha'awa ta intanet, a shekarun baya kuma a Agusta ta riƙa rufewa, amma manyan ayyuka ta fi ɗauka, ba na mutum ɗaya mai mako takwas ba. Ƙungiyar Langham, wadda mai wa'azin Ingila John Stott ya assasa, da ƙungiyar ScholarLeaders sun fi ƙarfi wajen masu digiri na uku a tauhidi, Langham kuma tana taimakon marubuta su buga littafi. Cibiyar nazarin aikin mishan ta OMSC, wadda ta koma makarantar tauhidi ta Princeton a 2020, tana karɓar masana su je su zauna su yi rubutu. Mai kimiyya kuma ya duba Cibiyar Faraday da ke Cambridge, masu shirya kwas na 'yan kwanaki kan kimiyya da addini. Akwai kuma Society of Christian Scholars da aka buɗe a 2019, wadda ba kuɗi ne babban amfaninta ba, mutane ne: a nan za ka samu wanda zai karanta maka takarda, ko abokin aikin da na ambata ɗazu.

Tukunya ta uku mutanenmu sukan manta da ita, wato masu ba da kuɗin da ba ruwansu da bangaskiyarka, ingancin tambayarka kawai suke dubawa. In kana Jami'ar Legas ko LASU ko Yabatech, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, TETFund, na gabanka, musamman tallafin bincike da ake nema ta hannun makaranta, wanda a shekarun baya aka daɗe ana bayarwa har naira miliyan 2. In kana Anchor ko Caleb ko Augustine ko Trinity ko Pan-Atlantic, dokar TETFund ta 2011 ba ta haɗa da jami'o'in kuɗi ba, sai ka tambayi ofishin bincike na makarantarka abin da suka ware. Sai majalisar binciken zamantakewa ta Amurka, SSRC, wadda a ƙarƙashin shirinta na African Peacebuilding Network ta riƙa ba mutum ɗaya har dala 15,000 don aikin wata shida kan zaman lafiya da rikici, da majalisar binciken zamantakewa ta Afirka, CODESRIA, a Dakar, da cibiyar Faransawa ta IFRA da ke Jami'ar Ibadan mai ba da ƙananan tallafin fita fili.

Ni a ganina, wanda bai taɓa samun tallafi ba ya fara da ƙarami, ko da na sashensa ne, ko na wani dattijon ikilisiya mai hali da zai biya kuɗin mota da na rubuta hira. Manyan gidauniyoyi suna son ganin cewa an taɓa ba ka kuɗi ka kawo lissafi.

Mataki na uku: tambayar binciken

Nan ne aikin yake. Duk sauran matakan za ka iya koyonsu a mako ɗaya, wannan kuwa sai ka kwana da shi.

Takardata ta farko da na aika waje, na buɗe ta da aya, na rufe ta da aya, tsakiyarta kuma binciken da na saba yi ne wanda ko wanda bai taɓa shiga majami'a ba zai rubuta irinsa. Aka dawo mini da ita da sharhi na layi biyu, ma'anarsa: mun ga bangaskiyar, mun ga binciken, ba mu ga inda suka haɗu ba. Na ji zafi, na yi kwana biyu ina gunaguni, amma gaskiya suka faɗa. Na yi wa binciken ado ne da ayoyi kamar yadda direban danfo ke manna rubutu a bayan mota, injin kuwa bai san da shi ba.

Ga gwajin da nake yi tun daga lokacin. Cire duk wata aya da duk wata kalmar coci daga takardarka. In abin da ya rage bai canza ba ko kaɗan, to ba ka haɗa komai ba, jerawa ka yi. In kuma ka cire sai ka ga tambayar ta rushe, ko dalilin zaɓen mutanen da za ka yi hira da su ya ɓace, ko ma'aunin da za ka auna sakamako da shi ya tafi, to bangaskiyar tana aiki a ciki.

Tana iya yin aikin ta fuskoki daban. Wani lokaci ita ce ke nuna maka tambayar da wasu ba su gani ba. Masanin tattalin arziki da ya tashi a ikilisiya ya san cewa Zumuntar Mata ba waƙa da ganga kaɗai ba ce, akwai adashe, akwai gudummawar haihuwa da ta rasuwa, akwai bashi marar ruwa. Zai iya tambaya: yaya wannan tsari ke riƙe matar da ta zo Legas daga Kagoro ko Numan ko Biliri a shekararta ta farko, kuma me koyarwar ikilisiya game da baiko da taimakon gwauraye ke ƙarawa a kan adashen kasuwa? Wani lokaci kuma bangaskiyar ce ke yi wa fannin tambaya. Ma'aikaciyar jinya da ke koyarwa za ta iya duba yadda mai hawan jini ke auna maganin likita da addu'ar warkarwa, ba don ta ƙaryata ɗaya ba, sai don ta gano irin wa'azin da ke sa mutum ya ci gaba da shan magani da irin wanda ke sa shi ya zubar. Wani lokaci fannin ne ke yi wa ikilisiya gyara. Masanin muhalli da ke kallon magudanun Legas cike da robobi, wanda ya ga gwamnatin jiha ta hana kwanon soso na abinci a Janairun 2024, yana da ikon tambayar dalilin da ya sa koyarwar kula da halitta ba ta kai ga sharar da ake bari bayan babban taron addu'a ba.

Sannan ka taƙaita. "Kiristanci da ci gaban Najeriya" ba tambaya ba ce, taken taro ne. Ƙanwata da haka ta fara, muka yi ta sassaƙa har ta koma: yadda ikilisiyoyin Hausa uku suka tallafi 'ya'yansu 'yan acaɓa bayan dokar hana acaɓa ta 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, da kuma yadda fastocinsu suka fassara musu wannan asara daga Littafi Mai Tsarki. Wannan tana da mutane, tana da wuri, tana da rana, kuma ana iya amsa ta a mako takwas.

Lura da abin da ke hannunta wanda farfesan Oxford ba shi da shi. Tana jin Hausa, tana sujada da mutanen, maigadin da ba zai buɗe baki ga baƙo ba zai kira ta 'yar'uwa ya zauna ya ba ta labari. An yi rubutu da yawa kan manyan majami'un Fentikostal na hanyar Legas zuwa Ibadan, an yi kan Hausawa Musulmi 'yan kasuwa na Agege, amma Kiristan arewa mai sujada da Hausa a barikin soja ko a ɗakin haya a Obalende ya faɗa tsakanin biyun. Wannan gibin shi ne jarinka. Kwame Bediako na Cibiyar Akrofi-Christaller a Gana ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa tauhidin gaske a harshen uwa ake yinsa, kuma masu tantance takardu a wannan fanni sun san da wannan magana. Faɗi a fili cewa da Hausa za ka yi hirarrakin, kuma za ka bi diddigin kalmomin da mutane suka zaɓa: me ya sa wani ya ce jarrabawa, wani ya ce ƙaddara, wani ya ce nufin Allah.

Kafin ka wuce, ba mutum biyu tambayar su karanta. Ɗaya abokin aikinka Musulmi ko wanda ba ruwansa da addini, ɗayan kuma fastonka. In na farko ya ce wannan wa'azi ne, koma ka gyara. In Baba Fasto ya ce bai ga abin da ya shafi ikilisiya ba, nan ma koma. Luka da ya zo rubuta bishararsa, ai cewa ya yi ya bi diddigin kome tun daga farko a wurin waɗanda suka gani da ido. Ba a rage bangaskiya don an yi aiki da tsari.

Mataki na huɗu: rubuta takardar

Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma sakin layin farko ne zai sa ya gyara zama ko ya yi hamma. A cikinsa ka faɗi abu huɗu ba tare da kwana-kwana ba: me za ka bincika, a ina, ta yaya, me zai fito a ƙarshe. Gaisuwa da tarihin Najeriya tun daga 1914 ka bar su.

A sashen abin da magabata suka rubuta, ka tsaya da ƙafa biyu. Ka nuna ka san muhawarar fanninka ta yanzu, ka kuma nuna ka san masu tauhidin da suka taɓa batun. Namu na gida suna nan: Byang Kato ɗan Kwoi da ya rasu a 1975, Bolaji Idowu wanda Kato ya yi wa raddi, Ogbu Kalu a tarihin ikilisiya, Yusufu Turaki kan arewa da zamanin mulkin mallaka. Takardar da ta ambaci Turawa zalla kan batun Agege tana nuna marubucin bai leƙa laburaren gida ba.

A sashen hanyar bincike ka sa lambobi. Hira nawa, da su wa, ta yaya za ka zaɓe su, minti nawa kowace. Ka faɗi matsayinka ma: kai ɗan ikilisiyar ne, wannan ya buɗe maka ƙofa, amma yana iya sa mutane su faɗa maka abin da suke ganin ɗan'uwa zai so ji. Bayyana yadda za ka kauce wa hakan, misali ka yi wasu hirarrakin a wajen harabar majami'a, ka nemi waɗanda suka daina zuwa sujada.

In aikinka na tarihi ne, ambaci ma'ajiyar takardun da sunanta. Ta ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan jirgin ƙasa daga Ebute Metta zuwa Moniya zai kai ka kusa da ita. Fayilolin lardunan arewa suna Kaduna, ga kuma Arewa House. Takardun ƙungiyar mishan ta CMS suna Jami'ar Birmingham, na ƙungiyar mishan ta SUM kuma a Edinburgh. Laburaren makarantun tauhidi na TCNN a Bukuru da JETS a Jos suna da kundayen ɗalibai da ba za ka samu a intanet ba. Mai bin tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, hedikwatar Bible Society tana nan Apapa. Kai, tarihin ECWA ma a tashar Legas ya fara taka ƙasa, lokacin da 'yan mishan Gowans da Bingham da Kent suka sauka a Disambar 1893.

Jadawalin aiki mako-mako za ka yi shi. Alƙawarin abin da zai fito kuma kar ya wuce ƙarfinka: maƙala ɗaya a mujallar da ka ambaci sunanta, gabatarwa ɗaya a taro, da taƙaitaccen rahoto da Hausa don ikilisiyoyin. Wanda ya yi alƙawarin littafi da maƙala uku a mako takwas, masu tantancewa sun san bai taɓa yin ko ɗaya ba.

Mataki na biyar: kasafi

Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Legas kuwa tana da hanyoyin cin kuɗi da baƙo ba zai gane ba sai ka bayyana masa. Rubuta kuɗin mota tafiya-tafiya, ka ninka, domin wanda ka je gani zai ce maka oga ya aike shi, ka dawo gobe. Sa data, sa man janareto ko cajin batir, sa rikoda da wurin ajiyar sauti na biyu. Sa ɗan abin shan ruwa ga wanda ya bar aikinsa ya zauna da kai, in dokar mai ba da kuɗin ta yarda.

Abin da kowa ke mantawa shi ne mayar da hira rubutu. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a rubuta ta, fassara zuwa Turanci kuma aiki ne daban. Manhajojin da ke yin wannan har yanzu suna tuntuɓe a Hausar da ta gauraya da Turancin buroka da Tyap ko Bacama, ga ƙarar janareton maƙwabta a baya. Ɗauki ɗalibi mai jin Hausa sosai, ka biya shi da kyau, ka sa sunansa a godiya.

In da dala za a ba ka, rubuta farashin canjin da ka yi lissafi da shi da ranar da ka duba. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi kasafi da naira a farkon wannan tsakani ya ga yadda kuɗinsa ya narke. Tambayi kuma ko makarantarka za ta cire nata kason na gudanarwa, ka sa shi a lissafi tun farko. Masu ba da kuɗi suna da iyaka a kan wannan, Gidauniyar John Templeton alal misali ta daɗe tana tsayawa a kashi 15.

Tafiya waje kuwa, ka yi tunani sau biyu kafin ka ɗora dukan aikin a kanta. Samun ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island yakan ɗauki lokaci, dokokin biza kuma suna ta sauyawa, ko a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku. Tsara aikin yadda zai kammalu ko ba ka bar Legas ba.

Mataki na shida: izini

Izini iri biyu ne, kuma dukansu kafin ka kunna rikoda. Na farko na kwamitin ɗa'ar bincike. In makarantarka tana da shi, can za ka fara. Binciken da ya taɓa lafiya akwai kwamitin cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba da na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba. Sukan ɗauki makonni, saboda haka ka shigar da takarda tun kana jiran sakamakon tallafin. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Wannan ba wasa ba ne a wurinmu. Akwai wanda ya baro gida saboda sauya addini, akwai wanda ya gudo daga rikici, sunansa ko sunan ƙauyensu a maƙala zai iya jawo masa abin da ba ka zata ba. Sauya sunaye, rufe fayilolin sauti da kalmar sirri, ka rubuta takardar amincewa da Hausa, ka karanta wa wanda ba ya karatu.

Na biyu na mutane ne. Ka je wurin fasto da dattawa da ƙafarka, ba ta waya ba, ka gaishe su, ka bayyana. In aikin zai kai ka zango ko kasuwa, ka fara da fadar Sarkin Hausawan wurin ko shugabannin kasuwa. Amma ka roƙi Baba Fasto kada ya sanar daga bagade cewa kowa ya ba ka haɗin kai, domin abin da aka faɗa daga can umarni ne, amincewar da ta biyo bayan umarni kuma ba amincewa ba ce. Ya gabatar da kai kawai, mai so ya same ka a waje.

Mataki na bakwai: sa hannu da aikawa

Wasiƙun shaida ka nema wata ɗaya kafin ranar rufewa, ka haɗa wa farfesan da takardarka da tarihin aikinka, ka tuna masa cikin ladabi. Ɗaya daga fanninka, ɗaya daga ɓangaren tauhidi. Wasiƙar shugaban sashe ta faɗi a rubuce cewa an sauke maka aiki a waɗannan makonni. Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, in ba ka da ita, kyauta ce. Aika kwana uku kafin wa'adi, ka kuma duba da agogon wace ƙasa za a rufe. Daren ƙarshe ne wuta ke ɗaukewa, intanet ya tsaya.

In an ba ka, in kuma ba a ba ka ba

Kafin kuɗin su taso, ka san inda za su sauka. Ni nawa kuɗin asusun makaranta suka shiga, suka kwanta a can ana yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, har hutun ya kusa rabi ina aiki da albashina. Da na sani, da tun ranar da wasiƙar ta zo na kai kwafinta ofishin kuɗi na tambayi takardun da za su nema. In tallafin na mutum ɗaya ne kai tsaye, buɗe asusun dala tun da wuri.

Rasidi kuwa kwandastan danfo ba ya bayarwa. Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace tafiya a ranar, daga ina zuwa ina, nawa, ka tambayi mai ba da kuɗin tun farko ko zai karɓi wannan. Ware awannin safiya don rubutu, ka kashe waya, domin da zarar an ji kana hutu kwamitin bikin girbi da na ginin majami'a za su tuna da kai. In wani abu ya sauya a tsarin, rubuta ka sanar kafin ka karkatar da ko kwabo. Rahoto kuma a kan lokaci, ko maƙalar ba ta fito ba.

In ba a ba ka ba, rubuta ka yi godiya ka roƙi sharhin masu tantancewa. Wasu za su turo, wasu ba za su amsa ba. Gyara takardar yayin da take da ɗumi a kanka, ka rage ta ta dace da ƙaramar tukunya, ka yi hira biyar ko shida da aljihunka a wannan hutun. Takardar da ta ce "na riga na fara, ga abin da na ji" ta fi wadda ta ce "ina so in fara" nauyi nesa ba kusa ba.

Ƙanwata haka ta yi. Zagayen farko bai ɗauke ta ba, ta yi hira shida a Agusta da kuɗin motarta, ta sake aikawa. Ta kuma riga ta roƙi Baba Fasto minti ashirin bayan sujada, wata Lahadi in aikin ya kammala, don ta karanta wa 'yan acaɓan abin da ta rubuta da Hausa, su faɗa mata inda ta ji su daidai da inda ta kuskure.